Ranar da Aka Shiga Tungar Kanya Ba Sallama

Da zarar an gama yankan dawa an kwantar da kara, samari kan fara zarya a ƙofar gidana a Tudun Wada. Wannan ya zo da kwikwiyo ɗaure da igiyar leda, wancan ya zo da bindigar da maƙeri ya haɗa masa da bututun sitiyarin tsohuwar mota, su durƙusa su ce Baba Garba a koya musu farauta. In na tambaye su abin da suka sani game da ita, sai su ce ai ba wani abu ba ne, a hango nama, a saita, a harba. To in haka ne me ya kawo ku wurina? Ga daji can, Allah ya ba da sa'a. Amma da yake daji ɗaya tak ya rage mana da za mu iya shiga mu fito da ƙafafunmu, wato na Tungar Kanya da ke bayan Karakkai, kuma saura ƙiris ya kuɓuce mana gaba ɗaya, bari in faɗa muku yadda abin yake tun ina da sauran haƙoran faɗa.

A Tsafe aka haife ni, kuma can mahaifina ya damƙa ni a hannun Malam Ɗanbaba, wani maharbi siriri marar yawan magana, wanda in ya yi dariya sau ɗaya a wata to an yi arha. Na je masa ina ɗokin riƙe bindiga. Abin da ya miƙo mini shi ne burgami, wato jakar fata ta maharba, da goran ruwa, na yi ta binsa da su rani bayan rani. Fitarmu ta farko, mun yi sammako muka isa wani ƙauye, ina jin kukan zabin daji daga bayan gonaki, kusa ƙwarai. Maimakon mu nufe su, sai ya karkata zuwa ƙofar gidan mai gari, ya yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma. Aka shiga gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, yaya amfanin gona, wa ya rasu, wa ta haihu. Aka kawo kunu. Ina zaune ina cizon yatsa har hantsi ya ɗaga, zabin suka yi shiru. Sai a sannan Malam ya faɗi abin da ya kawo mu, ya ce mu biyu ne, za mu bi ta gabas da rafi, za mu fito kafin la'asar. Mai gari ya aika a gaya wa mata masu neman itace da Fulanin da ke kiwo ta wajen. Da muka kai bakin daji ya ciro ƙaho ya busa, ya dakata, ya sake busawa, sannan muka shiga.

Ran nan zomo ɗaya muka samu. A hanyar dawowa na kasa haƙuri, na ce da mun wuce kai tsaye da yanzu zabi muke ɗauke da su. Bai ko waiwayo ba, ya ce, "Garba, daji ba shi da ƙohwa, amma yana da masu shi. Wanda duk yas shiga ba sallama, ko bai ɗauki komi ba, ɓarawo na." Zomon nan ɗaya tilo kuwa sai da ya yanke ƙafar gaba ya ce in kai wa mai gari. Na kai ina jin kunya, don ƙafar zomo ko miyar mutum ɗaya ba ta yi. Mai gari ya karɓa da hannu biyu ya sa albarka.

Sai da na fara gemu ya bar ni na ɗura bindiga. Ta toka ce, ƙotarta duk ta yi santsi saboda gumin hannu. A auna albarushi a tafi a zuba, a tura tsumma da sandar ɗuri a danne, a zuba guntayen dalma, a sake tura tsumma. In ka yi rowar albarushi ta yi maka tusa, naman ya tsaya yana kallonka. In ka cika hannu ta kumbura maka kafaɗa, ko ta tsage ta tafi da yatsunka, kuma na san mutane biyu da yanzu da cokali suke cin tuwo saboda haka. Harbi ɗaya gare ka. Kafin ka sake ɗuri barewa ta kai Kwatarkwashi. Shi ya sa maharbin zamanin da ba ya gaggawar jan kunama: sai ya ga kunne, ya ga wutsiya, ya tabbata abin da ke bayansu, ya yi bismilla. Motsin ciyawa ba hujja ba ne, don akuyar mutane ma tana motsa ciyawa, haka yarinyar da ta durƙusa tsinkar tafasa. Zomo kuwa ba a ɓata masa albarushi, kere, sandar jifa, ya ishe shi. In barewa kake so a fili, ka ɗaura kan tsuntsun nan burtu a ka, ka yafa baƙin zane, ka yi ta rarrafe kana caccakar ƙasa kamar tsuntsun gaske. Gwiwoyina da suka lalace yau, a nan na kashe su.

Kowane abu da ladabinsa. Ba a tsallake bindigar wani. Ba a buɗe burgamin wani ko da ya manta shi a gidanka. In za ka shiga gari, ka juya bakin bindiga ƙasa. In damina ta sauka a rataye ta, don lokacin namun daji na da ciki ko suna shayarwa, kuma kai ma gona na jiranka.

Wata rana ta wajen Ruwan Bore, ina tafe ni kaɗai, na tarar da mazo, ɗan'uwan barewa, kwance a gindin geza yana numfashi sama-sama, da kibiya a cinyarsa. Na yanka shi da sauri kada ya zama mushe. Babu kowa a wurin, babu wanda ya gan ni, kuma gidanmu an kwana biyu ba a ga nama ba. Amma ka'ida ita ce nama na wanda ya fara fid da jini ne. Na zare kibiyar na duba, ga alama an yi mata da baƙin zare a gindi. Na saɓa mazon nan a wuya na yi ta bin sawun jini da baya, har na haɗu da wani dattijo yana ɗingishi, ya taka ƙaya ya kasa bin abinsa. Na ajiye masa. Ya duba kibiyarsa, ya dube ni, ya tambayi sunan ubangidana. Ya yanke mini wuya da ƙafa guda, hakkin wanda ya yanka ya ɗauko. Bayan kwanaki na tarar labari ya riga ni isa Tsafe, Malam Ɗanbaba ya ce daga yau in riƙa fita da bindigarsa ta biyu ba sai na tambaya ba. Haka ake yaye mutum a wannan sana'a, ba a yi masa walima.

Da na dawo Gusau da zama na tara masu sayen kayana. Akwai wani Alhaji mai balangu da ke karɓar gada da barewa. Akwai wata Hajiya mai tuwo da ba ta son komai sai makwarwa, kullum tana cewa na kawo mata tsofaffi masu taurin nama, kullum kuma tana karɓa. Dukawa na jiran fata, makaɗa na neman ta guza, masu kitso na aiko yara neman ƙayar beguwa ta tsaga. Ba abin da ake zubarwa. Kuma mutanen nan ba nama kaɗai suke saye ba, suna sayen yardar cewa an yanka abin da rai, an ambaci sunan Allah, ba a tafkin da aka zuba wa guba aka tsinto shi ba. Hajiyar nan ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayata ko na yanka ba. Da za ta tambaya da na daina kai mata.

Sai shekarar da daji ya fi ƙarfinmu. Ba sai na ba ku dogon labari ba, da wayonku aka yi. Mutanen da kuka sani suka mamaye manyan dazuzzuka, inda muke kwana bakwai muna ƙyafe nama ya zama wurin da ko sunansa ba a son kira da ƙarfi. Abokina na ƙut da ƙut ya tafi duba tarkonsa, har yau ba mu ga ko takalminsa ba. Ranin nan ban fita ko sau ɗaya ba. Na ba da karnukana kyauta don ba ni da abin ba su, na koma gadin wani shagon siminti, ina zaune a kan benci ina korar awaki. Alhaji mai balangu ya koma naman rago, dukawa suka koma fatar akuya. Cikin maharba wasu suka shiga aikin tsaron gari, wasu suka koma acaɓa, wasu kuwa ba a tambayar inda suka shiga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mutanen ƙauye suka koma kallon mai bindiga. Da, in an hango maharbi yara ke rugowa su ga abin da ya ratayo. Yanzu in an hango mutum da bindiga, musamman a kan babur, uwa ɗaukar ɗanta take yi ta ruga.

A wannan hali ne Tungar Kanya ta zama mana uwa ma ba da mama. Ƙaramin daji ne, tsakanin duwatsu da fadama, kusa da titi, kewaye da gonaki. Babu manyan namu, sai gada jefi-jefi, zomaye, zabi, gafiya. Magajin garin, mahaifinsa aminin Malam Ɗanbaba ne, kuma tun ina ɗaukar burgami nake shan kunu a zaurensu. Na je na same shi, ya tara dattawa suka yi shawara, suka ce mu zo, amma da sharaɗin da ni ma na sani: a fara ta ƙofar gidansa, a faɗi ko su wa da wa, a busa ƙaho. Haka muka yi ta yi, ni da 'yan tsofaffin da suka rage da samarin da muke koya wa.

Cikin samarin nan babu kamar Lawali. Ɗan makwabcina ne, magidanci, da mata da 'ya'ya ƙanana, ga uwa tsohuwa a wuyansa. Ni na koya masa ɗuri, amma in faɗi gaskiya ya fi ni ido, ya fi ni hannu, kuma karnuka na jin maganarsa. Matsalarsa ɗaya, zaman gaisuwa ƙaiƙayi yake sa masa. Muna zaure yana duba waya, yana kaɗa ƙafa, yana leƙen rana. Samarin duk shi suke bi, kuma na san abin da suke cewa a bayanmu: tsofaffi su zauna a inuwa, mu mu sha ƙaya, in an zo rabo a ba su cinya, a kai wa mai gari ƙafa, mu mu tashi da haƙarƙari. Wata rana a hanyar dawowa ya fito mini fili.

"Baba, zamaninku daban, namu daban. Ku kun yi hwarauta daji na cike da nama. Mu in munka zamna gaisuwa har hantsi, mi za mu iske? Kuma yanzu in ka hwaɗi inda za ka, kahin ka kai an kai labarinka ga waɗanda ba ka so su ji."

Ban ji daɗin yadda ya faɗa ba, amma ban iya cewa ƙarya yake yi ba. Naman ya yi ƙaranci, man babur ya yi tsada, kuma an sha tare mutane a hanya saboda wani ya ji inda za su. Maganar rabo ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don akwai tsofaffin da ko bakin daji ba sa kaiwa amma sun fi kowa miƙa hannu. Na ce masa rabo za a iya gyarawa, gaisuwa za a iya gajartawa, in ya so a kira Magaji a waya tun jajibiri. Amma sallama ba a barinta, don da can ladabi ce, yanzu kuwa rai ce. Ya ce to Baba, irin to ɗin da yaro ke yi in yana so ka yi shiru.

Ranar da abin ya faru ina Bunguɗu wurin sunan jikata. Lawali da abokansa suka ga ba ni nan, suka hau babura da karnuka da bindigogi, sun naɗe fuska da ƙyalle saboda iskar hanya. Ba su bi ta gari ba, suka zaga ta baya suka ɓullo ta fadama. Can ƙetaren fadamar mata na sussukar dawa. Ku sa kanku a matsayin matan nan: safiya, babura sun tsaya, maza sun sauko da bindigogi fuska a rufe, ba ƙaho, ba saƙon Magaji. Suka watsar da taɓare suka zuba a guje suna kururuwa. Kafin ka ce kwabo gari ya tashi, masu gudu na gudu, wasu sun bar tukunya a kan wuta, samarin garin suka ɗauko nasu makaman suka taru a bakin masallaci. Wata tsohuwa, Inna Kulu, ta faɗa kwazazzabo cikin gudu ta karye a ƙugu. Su Lawali suka kashe gada guda, suka jiyo hayaniyar gari, tsoro ya kama su, suka hau babura suka gudo Gusau. Allah ne kaɗai ya tsare ba a haɗu ba, don da an haɗu da ba labarin ƙugu nake ba ku ba.

Ana cikin cin tuwon suna wayata ta yi ƙara. Magaji ne. Bai tambayi iyali ba, bai tambayi gajiya ba. Ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, ya ce wani manomi ya gane karen Lawali, ya ce daga yau kada maharbi ya sake taka musu ƙasa, tsoho ko yaro. Ya kashe wayar. Na zauna da loma a hannu na kasa kai ta baki.

Da na dawo na aika aka kira Lawali. Ya zo da shirin gardama, ya ce ba su taɓa kowa ba, ba su shiga gonar kowa ba, daji na Allah ne, in mutane sun tsorata da inuwarsu laifin wa. Na bar shi ya gama. Sannan na gaya masa labarin Inna Kulu, wanda ashe bai sani ba. Na ce gobe za mu je, ni da shi, ba bindiga, ba kare, kuma daga titi da ƙafa za mu shiga. Abin da aka ɗauko ba sallama kuma mayar da shi ake yi. Ya ce gadar tana wurin Alhaji mai balangu tun jiya. Muka je, nama kam mutanen Gusau sun riga sun cinye, sai fata aka ciro mana daga bayan rumfa, da gishiri a jikinta. Ita ya naɗe ya saɓa, ni kuma na riƙe ƙullin goro.

Tun da nake shiga Tungar Kanya ban taɓa ratsa ta ba wanda ya ce mini sannu da zuwa ba sai ran nan. Mata na leƙowa ta kan danga suna komawa. Muka yi sallama a ƙofar Magaji, ya amsa, amma bai sa an shimfiɗa tabarma ba. Lawali ya ajiye fatar a gabansa, Magaji ya dube ta ya kau da kai. Ya ce kafin a yi wata magana mu zo mu ga aikinmu.

An kwantar da Inna Kulu a zauren ɗanta don masu dubiya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, maɗori ya ɗaure ta da kara da tsumma tun daga ƙugu har gwiwa. Na sha sayen daddawa a hannunta. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta amsa mini da sunana, har da tambayar gwiwata. Sannan ta juya kai.

"Kai na Lawali? Matso in gan ka." Ya matsa. "Ɗana, abu guda nika son in tambaye ka. Da munka watse muna gudu, kun gan mu?"

Na so ya ce a'a, Allah ya sani na so. Ya ce, "Mun gan ku, Inna."

"To mi yah hana ka ɗaga murya ka ce ku na?"

"Karnuka sun riga sun tada gada. Nac ce bari mu kama ta tukuna, mu dawo mu yi bayani."

Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce to, Allah ya sa gadar ta yi daɗi, ta juya fuska bango. Ni da na koya masa ɗuri, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muka koma ƙofar Magaji, dattawa sun taru, samarin gari na tsaye a baya. Magaji ya ce maganarsa tana nan, an rufe. Ba wanda ya ga laifinsa, har ni. Amma ina zaune ina tunanin inda yaran nan za su nufa in an rufe. Ba daina farauta za su yi ba, don ba su da wata sana'a. Babban daji za su shiga, kuma wanda ya shiga can, ko dai kada ya dawo, ko ya dawo ba shi ba ne. Na nemi izinin magana. Na ce Magaji ya san ka'idarmu kamar yadda mahaifinsa ya san ta: in yaro ya yi ɓarna a daji, ba shi ake kamawa ba, wanda ya koya masa ake kamawa, don shi ya ba shi bindiga kafin ya gama ba shi hankali. Na ce ni na koya wa Lawali. A hana ni shiga dajin, har iyakar raina. Su kuma a bar su su gama ranin nan a gida, su ɗauki nauyin maɗori da noman gonar Inna Kulu, in shekara ta zagayo su zo ta ƙofar gida kamar mutane.

Wani dattijo ya ce wannan ai wayo ne, tsohon da gwiwa ta ƙare me ya rage masa a daji. Wani ya amsa masa cewa ai shi ya sa abin ya yi tsada, wanda saura kaɗan ya rage masa ya fi sanin darajarsa. Aka yi ta ja. Magaji yana ta juya goro ɗaya a hannu. Can ya tambaye ni ko na san abin da nake faɗa, don shi in ya yanke ba ya warwarewa, kuma babu wani dajin da zan koma. Na ce na sani. Ya ce to ya karɓa.

Sai Lawali ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban dattawa, ya ɗaga murya har ta kai bayan danga.

"Wallahi ba a yi haka! Ni niy yi, ni za a hana! Baba bai ko san mun tahi ba!"

Magaji ya bar shi ya yi shiru don kansa. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe kana da murya. Da wagga muryar ka ɗaga ran nan, da Kulu na bisa ƙahwahunta. Zamna."

Ya zauna. Aka yi fatiha, aka raba goron, fatar kuwa aka bar ta nan a ƙasa ba wanda ya taɓa. Muka tako zuwa titi, yana gaba ina baya saboda gwiwa, yana tafiya yana tsayawa yana jirana.

Magaji ya cika alkawari, su ma sun cika. Sun yi noman, shekara ta zagayo aka buɗe musu, kuma har yau suna zuwa, Lawali ne ke shige musu gaba. Ni ban sake taka dajin ba. Ina kewarsa, ba zan ɓoye muku ba, musamman warin geza da safe in raɓa ta sauka. Inna Kulu tana nan da ranta. Ƙashin bai kama daidai ba, da jan gindi take fita shan hantsi.